Lauyan da ya nemo wa ƙanena beli: inda ya burge ni da inda ya ba ni haushi

Ba zan ambaci sunan ofishin ba, don shari'ar ƙanena tana gaban kotu har yanzu. Amma duk wanda aka kama masa mutum a kan tuhumar garkuwa da mutane yana buƙatar sanin irin aikin da ya kamata lauya ya yi masa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Mutanen ofishin nan sun iya rubutu, sun iya tsayuwa gaban alƙali, kuma ba sa yi wa mutum daɗin baki. Wajen sanar da iyali halin da ake ciki kuwa, sai dai a yi haƙuri da su.

Ƙanena gyaran waya yake yi. Wani layi da aka yi rajista da sunansa shekarun baya, da shi aka riƙa kiran iyalan wani ɗan kasuwa da aka sace, ana neman kuɗin fansa, ana yi musu barazanar kashe shi. Ƙanena ya ce layin ya ɓata tare da tsohuwar wayarsa tun da daɗewa, bai je an toshe ba. Masu bincike suka ce ba su gamsu ba. Aka tuhume shi da haɗa baki, da garkuwa da mutum, da karɓar kuɗi ta hanyar tsoratarwa, tare da wasu mutane da ya ce bai taɓa sa su a ido ba. Ko gaskiya yake faɗa, kotu ce za ta yanke. Ni yayarsa ce, kowa ya san inda zuciyata take, amma ban manta akwai wani gida da aka ɗauke musu uba suka sayar da abin hannunsu kafin ya dawo ba.

Kafin mu isa wannan ofis mun ga wasu lauyoyin. Ɗaya ko takardar tuhumar bai karɓa ya duba ba, ya ce kafin mako ya zagayo yaron yana gida. Wani ya sassauta murya ya ce ya san mutanen ciki. Shi wannan Barista dattijo ne mai ƙarancin magana. Takardar tuhuma da umarnin tsarewa ya fara nema, ya karanta su a tsanake, sannan ya ɗago ya ce, "Malama, ba zan yi miki alkawarin beli ba, don ba ni ke bayarwa ba. Abin da zan iya shi ne in rage wa alƙali dalilan hanawa." Da muka fito mahaifiyarmu cewa ta yi wannan ba shi da kuzari. A ranar dai ya gaya mana abin da babu wanda ya gaya mana a baya: ƙaramar kotun da aka fara kai ƙanena ba ta da hurumin sauraron laifi mai nauyin wannan, iyakarta ta ce a ci gaba da tsare shi. Zaryar da muke yi can ba za ta haifar da komai ba. Babbar kotu za a nufa, da roƙo a rubuce.

Ya ce alƙalin da aka roƙa beli abu uku ne ke cin ransa, ko a wace ƙasa yake zaune. Ko wanda ake tuhuma zai gudu, ko zai taɓa shaidu da hujjoji, ko zai sake aikata wani laifin yana waje. Ni malamar makaranta ce, ba a gaya min abu in haɗiye ban duba ba, don haka na bi diddigin maganar, na kuma same ta haka. Dokar beli ta Ingila ta 1976 ta fara ne da cewa beli haƙƙin wanda ake tuhuma ne, sannan ta jero waɗannan ukun a matsayin manyan dalilan hanawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayyar Najeriya ta 2015, a sashe na 162, kusan su ta maimaita ga laifin da hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara uku. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa, a sashe na 9, ta ce bai kamata tsare mai jiran shari'a ya zama shi ne ƙa'ida ba, ana iya sakinsa da tabbacin zai dawo gaban kotu.

Sai dai Barista bai bar ni na yi ta murna da waɗannan ba. Ya ce garkuwa don kuɗin fansa na cikin laifukan da alƙalai ke taka-tsantsan da su ƙwarai, don hukuncin yana da nauyi, kuma wanda ya hango ɗaurin rai da rai ya fi kowa dalilin arcewa. Indiya ce misalin da ya fi tsaya min. A can ne Mai Shari'a Krishna Iyer na Kotun Ƙoli ya ce tun 1977 asalin ƙa'ida beli ne ba kurkuku ba, amma a can ɗin dai hukuncin garkuwa don fansa kisa ne ko ɗaurin rai da rai. Ƙa'idar tana nan, samun belin ne ke da wuya.

Inda ofishin nan ya ci kuɗinsa shi ne takardar rantsuwar da suka haɗa da roƙon. Na zaci za su cika ta da yabon ƙanena. Mahaifiyarmu ta so a rubuta cewa yaron kirki ne, ba ya faɗa da kowa, shi ke riƙe da gida. Barista ya ce, "Hajiya, kowace uwa haka take cewa, alƙali ya ji har ya gaji." Sai ya ɗauki abubuwa ukun nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya nemo masa takarda. A kan gudu, ya sa aka kawo yarjejeniyar hayar shagonsa, da shaidar haihuwar 'ya'yansa, da abin da ya fi kowanne ƙarfi, wato cewa da 'yan sanda suka kira shi da ƙafarsa ya je, ba farautarsa aka yi ba. Mu ba mu ma ɗauki wannan a bakin komai ba sai da ya tono shi da tambaya. A kan shaidu, ya nuna cewa an gama bincike, an rubuta bayanan kowa, kuma babbar hujjar masu gabatar da ƙara ita ce bayanan kiran da ke hannun kamfanin waya, abin da ƙanena ba shi da hanyar gogewa ko yana ciki ko yana waje. A kan sake laifi, ba a taɓa kama shi da komai ba, aka rubuta haka a layi ɗaya aka wuce.

Abu biyu ya ƙi yi, kuma duka biyun sun ƙara masa daraja a idona. Ya ƙi zuba labarin ɓatan layin gaba ɗaya a cikin takardar. Ya ce zaman beli ba zaman tantance mai laifi ba ne, kuma duk abin da aka rantse a kai yau, gobe lauyan gwamnati zai ɗauko shi ya yi wa ƙanena tambayar ƙure da shi. Sannan da wani kawunmu ya kawo shawarar a samo takardar asibiti a ce yaron ba shi da lafiya, Barista ya haɗe rai. Ya ce ko a inda doka ta yarda da rashin lafiya a matsayin dalili, ba kowace takarda ake karɓa ba. Sashe na 161 na dokar nan ta 2015, wanda ya shafi laifin da ke da hukuncin kisa, sai likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, kuma sai an nuna masu tsare da mutumin ba su da halin kula da ciwon. Idan aka kama ƙarya ɗaya, sauran gaskiyar da ke takardar ma ta tashi aiki.

Masu gabatar da ƙara sun yi adawa, kamar yadda ya ce za su yi. Sun ce laifin babba ne, ba a gano kuɗin fansar ba, akwai wanda ake nema har yanzu, kuma mutumin da aka sace yana cikin tsoro. Na ji daɗin yadda Barista bai raina ko ɗaya daga ciki ba. Bai ce wanda aka sace yana ƙari ba. Shi da kansa ya miƙa wa kotu sharuɗɗan da za su kwantar da hankalin kowa, ya ce a sa wa ƙanena su.

To, ga inda suka ba ni haushi. A wani zama Barista yana wata kotun, aka turo ƙaramin lauya. Alƙali ya tambaya ko an kai wa ɗaya ɓangaren kwafin wata takarda a kan lokaci, yaron ya hau jujjuya fayil. Ashe ba a kai da wuri ba. Aka ɗage zaman makonni, ƙanena ya koma gidan yari saboda sakacin da ba nasa ba. Barista ya ba da haƙuri, bai ɗora wa kowa laifi ba, amma haƙurin bai rage wa wanda ke ciki ko dare ɗaya ba. Waya kuma sai ka yi ta kira, amsar sakatariya ba ta canzawa: "Barista yana kotu." An taɓa sauya ranar zama, a bakin ma'aikacin kotu muka ji, ba a bakin lauyanmu ba. Da waɗannan mutane zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda ke da aiki irin nawa, da ba a barin aji a fita, zai sha wahala da su.

An ba da belin a ƙarshe. Mutum biyu za su tsaya masa, ɗaya mai gida ko fili a yankin da kotun ke da iko, ɗaya ma'aikaci mai albashi. Zai riƙa sa hannu a ofishin 'yan sanda kowane mako, ba zai yi tafiya ba sai da izinin kotu, ba zai kusanci shaidu ba. Mahaifiyarmu ta zaci a ranar za mu tafi da shi. Ina! Bayar da beli daban, cika sharuɗɗa daban. Sai an je an ga gidan mai tsayawa da ido, an duba takardun mallaka, da katin shaida, da hotuna, da wasiƙar wurin aiki. A nan ne kuma ake sanin dangi. Da an ji kalmar garkuwa, waɗanda suka yi ta cewa a kira su ko tsakar dare ne sai wayarsu ta daina shiga. Ban ga laifinsu sosai ba, don wanda ya tsaya wa mutum, idan mutumin ya gudu, shi kotu za ta bi ta karɓi kuɗin da aka yanka.

Akawun ofishin ne ya fitar da mu a wannan gaɓar. Tun kafin alƙali ya yanke hukunci ya ba mu jerin takardun da aka saba nema, ya ce mu fara lallashin mutanenmu tun yanzu. Ya zauna da wanda ya yarda ya sa gidansa, ya bayyana masa haɗarin ba tare da rufa-rufa ba, ya kuma gaya masa cewa mai tsayawa yana da damar komawa kotu ya ce ya janye. Jin haka ne ya sa mutumin ya sa hannu. Ya gargaɗe mu game da masu yawo a bakin kotu suna tallar kansu a matsayin masu tsayawa na haya, ya ce takardun da yawansu na bogi ne, in aka gano kuma belin ne zai rushe. Ni na zama mai tsayawa ta biyu, wato mai albashin. Da wani ma'aikaci ya tambaye ni ina mijina, akawun ya ce masa a natse doka ba ta nemi miji ba. Sashe na 167 na dokar 2015 ma ya faɗa ƙarara cewa ba a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce.

Batun kuɗi, mutane da yawa sun zaci adadin da alƙali ya ambata ɗauka ake a kai kotu. A namu alkawari ne aka sa wa hannu, ba a biya sai in an saɓa. Wasu kotunan kan nemi a ajiye kuɗi, a Amurka kuma har kamfanoni ake da su masu tsaya wa mutum su karɓi kusan kashi 10 cikin 100 wanda ba a mayarwa, don haka kowa ya tambayi lauyansa yadda nasa yake. Ladan ofishin a rubuce yake, kashi-kashi, kowane biya da rasit, kuma ba su taɓa neman wani abu "na ciki" ba. Abin da zan ce a lura da shi: yarjejeniyar ta neman beli ce kawai, shari'ar kanta wata sabuwar magana ce. Yana rubuce a takardar, amma babu wanda ya faɗa da baki. A tambaya tun farko.

Ranar da ƙanena ya fito, Barista ya zaunar da mu ya karanta sharuɗɗan da ƙarfi. Kawunmu ya ce yana so ya ɗebi dattawa su je su yi wa iyalan wanda aka sace jaje, su nuna musu ba mu da hannu. Barista ya ce, "Alhaji, niyyarka mai kyau ce, amma in ka taka gidan nan, gobe lauyan gwamnati zai ce an je tsorata shaidu, a soke belin." Ya hana ko saƙon waya, ya hana ƙanena rubuta komai game da shari'ar a Facebook.

Mun bar wa ofishin shari'ar gaba ɗaya, yanzu ana jiran ma'aikacin kamfanin waya ya zo ya ba da shaida. Na sa an rubuta a sabuwar yarjejeniyar cewa za su turo min saƙo bayan kowane zama, kuma ba za a turo ƙaramin lauya ba sai an sanar da mu. Sharaɗi na biyun suna kiyayewa. Saƙon kuwa wata rana ya zo, wata rana sai na kira.