Na saurari kundayen AC/DC duka, Powerage ne zaɓina

Sama da shekara 20 ke nan ina ɗaukar kaina a matsayin mai son kiɗan ƙungiyar rock ta AC/DC, amma sai a damunar da ta gabata na gane cewa abin da na sani nata bai wuce waƙoƙin da kowa ya sani ba, waɗanda ake sakawa a filayen wasa da cikin fina-finai. Wani abokin aikina ne ya tsokano maganar, ranar da ya ce mini kundayen ƙungiyar duk abu ɗaya ne ake sauya wa riga, wanda ya ji ɗaya ya ji duka. Ban sami abin da zan mayar masa ba, domin in ban da Back in Black, ban taɓa zama na saurari wani kundi nasu daga farko har ƙarshe ba. Shi ya sa na ƙudiri aniyar bin su ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin fitowarsu, daga High Voltage wanda ya shiga kasuwannin duniya a 1976 har zuwa Power Up na 2020, kundi 16 ke nan. Ta manhajar sauraron waƙoƙi a waya na bi su, da abin sauraro mai rufe kunne, kowane kundi dare biyu, bayan gida ya yi tsit. Da na kammala, guda ɗaya ne kawai na ji ya zama dole in mallaki faifansa a hannu, wato Powerage, wanda ya fito a watan Mayun 1978.

Ga wanda bai san ƙungiyar ba, 'yan'uwa biyu ne suka kafa ta a birnin Sydney na Ostareliya a 1973, Malcolm Young da ƙaninsa Angus, waɗanda aka haifa a Glasgow kafin iyayensu su yi ƙaura da su a 1963. Bon Scott ya karɓi waƙa a 1974, kuma shi ne muryar ƙungiyar har rasuwarsa a Landan ranar 19 ga Fabrairun 1980, yana da shekara 33, sannan Brian Johnson ya gaje shi. Saboda haka duk mai zaɓen kundi guda a cikin ayyukansu sai ya fara yanke hukunci tsakanin waɗannan muryoyi biyu.

Dole in yi wa abokin nawa adalci, domin akwai wani tsakani da maganarsa ta yi kusa da gaskiya. Daga Flick of the Switch na 1983 zuwa Blow Up Your Video na 1988 na sha wahalar bambance wata waƙa daga wata, musamman a Fly on the Wall na 1985, inda aka binne muryar Johnson a ƙarƙashin amsa-kuwwa har ba a iya tsintar abin da yake faɗa. The Razors Edge na 1990 ya farfaɗo da su, kuma kundayen baya-bayan nan aiki ne na dattawan da suka san sana'arsu, sai dai babu wanda ya sa na koma masa a dare na uku.

Gasar gaskiya tana tsakanin kundaye huɗu da suka fito a jere daga 1977 zuwa 1980, wato Let There Be Rock, da Powerage, da Highway to Hell, da Back in Black. Ba ni da bakin da zan raina na ƙarshen. An naɗe shi a situdiyon Compass Point da ke Bahamas 'yan watanni bayan rasuwar Scott, aka yi masa baƙin bango domin makoki, aka buɗe shi da ƙarar ƙararrawa, kuma an ƙiyasta cewa an sayar da kwafi kusan miliyan 50, abin da ya sa yake cikin kundayen da suka fi kasuwa a tarihi. Mai tsara sautinsa, Mutt Lange, wanda shi ne ya yi musu Highway to Hell a 1979, ya goge kowane bugu har ya yi ƙyalli, ya jera muryoyin amshi ta yadda filin wasa mai cike da dubban mutane zai iya ɗauka nan take. Idan ingancin naɗi ake nema, babu kundin da ya kamo shi a cikin 16 ɗin. Abin da na rasa a cikinsa shi ne mutumin da ke magana da ni. Waƙoƙinsa kirari ne na wanda ya riga ya yi nasara, kuma bayan sauraro na goma sai na ji kamar ina tsaye a cikin taro ana yi wa kowa jawabi ɗaya.

Powerage kuwa aiki ne na mutanen da ba su kai ga ci ba tukuna. A lokacin da suka shiga situdiyon Albert da ke Sydney, ƙarƙashin yayansu George Young da abokin aikinsa Harry Vanda, sun shafe shekaru suna yawon wasa daga wannan gari zuwa wancan, Amurka ba ta gama karɓarsu ba, kuma da kundin ya fito ma bai shiga sahun 100 na farko a jadawalin kasuwar can ba. Wannan halin na tsaka-mai-wuya yana cikin muryar Scott daga farko har ƙarshe. A nan ne ya rage barkwancin da ya cika kundayen farko, ya koma yana ba da labarin talauci da caca da rabuwa da mace da kuma yadda ƙwaya ke cinye mutum, da kalmomi kaɗan waɗanda kowace ta san wurin zamanta.

Waƙa ta biyu, Down Payment Blues, ita ce ta fara tsayar da ni. Labarin mutum ne da ke rayuwa a kan tallafin gwamnati, yana ɓuya wa mai kuɗin haya, ko kyanwarsa ya kasa ciyarwa, amma ransa yana kan ƙatuwar mota wadda ko man da zai zuba mata ba shi da shi. Scott bai roƙi tausayi ba, bai kuma yi wa talaucin ado ba, ya faɗe shi ne kamar yadda magidanci ke faɗa wa amininsa halin da yake ciki a ƙarshen wata. Kiɗan ma haka ya bi labarin. Jita ɗaya ce ke farawa a hankali, tana maimaita bugu ɗaya, sannan ganguna su shigo, sannan nauyin ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan na tsawon kusan minti 6, kamar bashin da ake tarawa. Daren da na fara jin ta da kunnen basira, sai da na mayar da ita sau uku kafin in wuce zuwa ta gaba.

A wannan daren ne kuma na gano abin da ya sauya mini sauraron ƙungiyar gaba ɗaya. A yadda ake raba sautinsu, jitar Malcolm tana kunnen hagu, ta Angus tana kunnen dama. Na ɗage ɓangaren dama na abin sauraron, na bar hagu kaɗai, sai ga Malcolm shi ɗaya da tsohuwar jitarsa ƙirar Gretsch. Sautinta a bushe yake, babu yawan ruri, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan shirun da yake bari tsakanin bugu da bugu. Yakan doki igiyoyin da ƙarfi, ya danne su nan take, ya bar gurbi, kuma a cikin wannan gurbin ne gangar Phil Rudd ke sauka. Duniya Angus ta sani, da kayan 'yan makarantarsa da tsalle-tsallensa da jitarsa ƙirar Gibson SG, amma matsayin Malcolm kamar na mai kuntuku ne a gefen mai kalangu: ba shi ake kallo ba, amma da zai tsaya, rawar ta watse. A Powerage ne aka bar wannan aikin nasa a fili fiye da ko'ina, domin Vanda da George Young ba su lulluɓe shi da komai ba. Har ila yau wannan ne kundi na farko da Cliff Williams ya kaɗa musu jitar bes bayan tafiyar Mark Evans, kuma ana jin hannunsa sosai a tsakiyar Sin City, inda komai ke lafawa a bar shi shi da ganga da muryar Scott tana magana ƙasa-ƙasa, kafin jitocin su sake faɗowa.

Riff Raff ita ce mai zafin gudu a cikinsu. Kusan minti biyu ake yi ana kiɗa zalla kafin murya ta shigo, kuma ba mamaki da ita suka buɗe kundinsu na wasan gaban jama'a, If You Want Blood You've Got It, wanda aka naɗa a zauren Apollo na Glasgow a watan Afrilun wannan shekarar. Amma wadda ta fi zama a raina ita ce Gone Shootin', waƙa mai tafiyar hawainiya a kan wata mace da ƙwaya ta ɗauke wa hankali, da namijin da ke kallonta tana tafiya bai iya riƙe ta ba. Babu ihu a cikinta, kuma Angus ya ja hannunsa ya bar jitocin biyu suna amsa wa juna a natse har sautin ya dusashe. Idan aka tuna cewa giya ce ta yi ajalin wanda ya rera ta ƙasa da shekara biyu bayan haka, sai waƙar ta ƙara nauyi a kunne. An sha ruwaito cewa Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya ce wannan ne kundin AC/DC da ya fi so, kuma ina jin irin wannan waƙar ce dalili.

Kundin yana da nasa rauni. Waƙar da ta buɗe shi, Rock 'n' Roll Damnation, daga baya aka ƙara ta, saboda kamfanin faifai na Atlantic ya nemi abin da gidajen rediyo za su saka, kuma ana jin hakan a tafin hannu da kacau-kacau da aka cusa mata, ga shi babu wurin da Angus ya ware ya yi kiɗan kansa. Ba ta da laifi, amma launinta ya bambanta da na sauran takwas ɗin. Up to My Neck in You ma tsohon salo ce da sun riga sun yi wanda ya fi shi. Sannan akwai batun kalmomi, wanda ba zan rufe ido a kansa ba. Sin City yabon garin caca ce, ko da yake mai sauraro da kyau zai ji cewa mai maganar ya san asara zai yi, kuma What's Next to the Moon tana ɗauke da siffofin cutar da mace waɗanda ban ji daɗinsu ba ko kaɗan, duk da ƙarfin kiɗanta. Ba kundi ne da nake sakawa a lasifika yara suna ɗaki ba.

Faifan da na saya shi ne na sabunta sautin da aka fitar a 2003, mai bangon kwali, da hoton Angus a gaba wayoyin lantarki suna fitowa daga hannayen rigarsa. Waƙa 9 ce a ciki, kusan minti 40, wanda a ganina daidai ne da abin da kunne zai ɗauka a zama ɗaya. Sautinsa ya fi wanda nake samu a waya cika, musamman kaurin bes da amon kuge, ko da yake an ɗaga ƙararsa fiye da yadda nake so, har sai na rage kafin in ji sararin da ke tsakanin jitocin. Babban abin da ya ɓata mini rai shi ne rashin Cold Hearted Man, waƙar da ke cikin bugun Turai na farko amma aka cire ta daga tsarin da ya zama na kowa da kowa. Sai a tarin Backtracks na 2009 na same ta, kuma da na ji ta na tabbata cewa gurbinta yana cikin wannan kundin, domin duhunta irin nasa ne, kuma ta fi waƙar da aka buɗe shi da ita dacewa da shi.

Malcolm Young ya rasu a watan Nuwamban 2017 bayan ciwon mantuwa ya raba shi da jita, makonni kaɗan bayan rasuwar yayansa George, kuma ɗan ɗan'uwansu Stevie Young ne ke riƙe da gurbinsa tun 2014. Na saurari Power Up da kunnen hagu kaɗai kamar yadda na yi wa Powerage, na ji Stevie yana bin sawun da aminci da ƙwarewa, amma dokan hannun ya ɗan fi laushi. Abin da nake nema yanzu shi ne tsohon faifan garmaho na bugun Turai na 1978, mai ɗauke da Cold Hearted Man, wanda haɗin sautin wasu waƙoƙinsa ya bambanta da na faifan da ke hannuna, domin ina so in ji ko jitar Malcolm ta fi fitowa a can.