Shed da Dibbuk: Duk Aljanu Ne?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki na karanta wani labarin matasa da aka gina kan tatsuniyoyin Yahudawa, ta ci karo da shed da dibbuk, kika tambaya ko duk aljanu ne. Ɗaya ne kawai ya yi kama da aljani, wato shed.

Shed, jam'insa shedim, bai taɓa zama mutum ba. Talmud, babban littafin koyarwar malaman Yahudawa, ya ce sun yi kama da mala'iku a abu uku: suna da fukafukai, suna tashi daga wannan bangon duniya zuwa wancan, suna jin abin da zai faru daga bayan labule. Sun kuma yi kama da mu a uku: suna ci da sha, suna haihuwa, suna mutuwa. Wanda ya san batun satar jin da aljanu ke yi a sama ba zai ji wannan baƙo ba. Har aka ce mai son ganin sawunsu ya barbaɗa toka kewaye da gadonsa, da safe zai ga kamar sawun zakara. Sarkinsu Ashmedai ne, wanda a ruwayarsu Sarki Sulaimanu ya sa aka ɗaure shi don ya samo shamir, wata 'yar halitta mai tsaga dutse, lokacin gina Haikali, babban ɗakin ibadarsu a Ƙudus. Labarin shed labarin wayo ne da ciniki: wa zai yaudari wa.

Dibbuk kuwa ran mamaci ne da ya rasa wurin hutawa, ya shige jikin mai rai. Sunan daga kalmar Ibrananci mai nufin mannewa ne. Labaransa sun yawaita a ƙarni na 16 a garin Safad da ke yankin Galili, suka bazu a Gabashin Turai, kuma wasan kwaikwayon S. Anski da aka fara nunawa a Warso, babban birnin Poland, a 1920 ne ya kai sunan duniya. Cire shi na iya tuna miki da ruƙiyya: a tara maza goma, a karanta Zabura ta 91, a busa ƙahon rago, a so ya fita ta ƙaramin yatsan ƙafa don kada ya illata jikin. Amma kafin nan sai malamin ya tambaye shi sunansa da laifin da ya hana shi kwanciya, domin shi ma abin tausayi ne, ana neman gyara masa. Mu an karantar da mu cewa ran mamaci ba ya dawowa ya shiga wani, shi ya sa ba mu da kalmar da ta dace. Fatalwa ce mafi kusa, ita ma ba ta cika ba.

Ni ɓangaren dibbuk ya fi taɓa ni, don a nan matashi ke haɗuwa da alkawarin da aka karya da makokin da bai ƙare ba. Idan kuma ta ga an ƙara wa marar lafiya suna Hayim, wato rai, don a ɓatar da Mala'ikan Mutuwa, ki tuna mata da Ajuji da Ayashe, sunayen da iyayenmu ke raɗa wa 'yan wabi.

Shekarunta nawa? In ba ta kai 13 ba, ki zauna da ita ku karanta babin dibbuk tare.