Kofin yara mai hanci da ake cewa ba ya zuba: ku buɗe murfinsa ku duba

Mata da yawa a unguwarmu sun ga kofin nan a hannun yarona suna tambayata inda na samo shi. To yau zan faɗi abin da na gani a cikinsa, don kada wata ta je ta saya saboda ta gan shi a gidana. Kun san kofin da nake nufi: na roba, mai hannu biyu, da murfi mai ɗan hanci, wanda masu kayan jarirai a Kasuwar Dole ta Damagaram ke jerawa kusa da bibero, wato kwalbar ba jariri madara, suna cewa ko an kife shi ba ya zuba. Jika 3 da rabi na biya, shi ma sai da aka sha ciniki.

Ni malamar makaranta ce. Da hutun haihuwa na mako 14 ya ƙare na koma aiki, sai aka riƙa ba yaron bibero da safe kafin in dawo, har ya saba da shi ya wuce misali. Ya kai wata 16 ba ya barci sai da shi a baki. A wurin awo kuma tun yana shekara 1 ake ce mana a fara janye bibero, kada a bari ya wuce wata 18, saboda haƙora. Yaron da ke kwana da madara ko abu mai sukari a baki, haƙoransa na gaba na sama su ne ke fara yin fari-fari a gindi, daga nan su yi baƙi su riƙa gutsurewa. Ina ganin irin waɗannan haƙoran a bakin ƴan aji ɗaya, kuma ba na so wa ɗana.

Gaskiya da farko kofin ya burge ni. Yaron ya karɓe shi ba gardama, ya kama hannayen biyu yana yawo da shi a tsakar gida. Muka fara cire biberon rana, daga baya na dare, wanda shi ne aka sha kuka a kansa, babansa ya yi ta zagaya gida da shi a kafaɗa. Amma dai ya rabu da bibero. Kofin ya sha faɗuwa a siminti bai fashe ba, katifa kuma ta huta da jiƙa. Ruwa, madara, kunu mai ruwa-ruwa, duk a ciki nake ba shi.

Sai aka shiga zafin Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, yaron ya kama zawo. Na kai shi likita ta unguwa. Ma'aikaciyar da ta duba shi, wata babbar mace mai haƙuri, ta tambaye ni, "Madam, da me yake shan ruwa?" Na ciro kofin daga jaka na miƙa mata, a wanke tas, yana ƙyalli. Ta murɗe murfin ta juya shi, ta sa farce a ƙarƙashin hancin ta ɓanɓaro wata ƴar farar roba da ke manne a wurin. Wallahi sai da cikina ya juya. Bayan robar nan baƙi ƙirin yake, wani abu mai yauƙi ya cika lungunta, ga tsohon kunu ya daskare a cikin ramin hancin, ga warin tsami da ya bugi hancina tun daga inda nake zaune. Ta sa auduga ta goga, audugar ta fito baƙa. Ta nan duk ruwan da ɗana ke sha yake bi kafin ya shiga bakinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kofin nan bai taɓa kwana ba a wanke shi ba. Da sabulu da ruwan zafi nake wanke shi da hannuna, ba na bar wa ƴar aiki. Amma an yi robar ta yadda duk wanda ya gani zai ɗauka a haɗe take da murfin, ba alama ko ɗaya da ke nuna ana cire ta, kuma ɗan rubutun da ke jikin kwalin babu Faransanci a ciki balle Hausa. Wa ya ƙera abin shan jariri ya ɓoye masa lungun da soso ba ya kaiwa?

Matar ta ba mu gishirin zawo na SRO da ƙwayar zinc, ta ce a ci gaba da zinc ɗin kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, a kuma ci gaba da ba shi nono da abinci. Sannan ta yi mini bayanin da mai shago bai yi ba. Robar nan ita ce ke hana zuba, kuma saboda ita sai yaro ya tsotsa da ƙarfi kafin ruwa ya fito, wato bai koyi kurɓa ba, tsotso yake ci gaba da yi. Ta ce bibero ne kawai ya sake riga. Ta ƙara da cewa kunun da har zai iya bi ta wannan ɗan rami ya yi ruwa da yawa, ba zai riƙe cikin yaro ba; kunun yaro ya kamata ya yi kauri har ya zauna a cokali, a sa masa gyaɗa ko madara.

Da yaron ya samu sauƙi na koma shagon da murfin a leda. Na ce, "Malam, don Allah me ya sa ba ka gaya mini ana cire robar nan ba?" Ya juya ta ya juya, ya ce, "Hajiya, wallahi ni ma ban san tana fita ba, haka suke zo mana daga Kano a kwali." Na tambaye shi ko yana sayar da robar ita kaɗai in canza, ya ce sai dai in sayi wani kofin sabo. Ko sannu da jikin yaro bai ce mini ba.

Bayan na huce na ce bari in yi wa kofin adalci. Tunda yanzu na san sirrinsa, sai in bar shi na ruwa zalla, na tafiya, kamar idan za mu Mirriya gaida dangi a mota. Kuma a hakan yana da amfani, ba zan hana shi ba. Sai dai kowace rana sai an kwance shi gida huɗu, an tafasa, an shanya. A Damagaram kuwa kowa ya san yadda ruwa yake: famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, sai ka tari ƴan ga-ruwa ka sayi bido da tsada, ga gawayi ko gas na tafasawa. Duk na daure na yi. Ba a jima ba robar ta saki saboda tafasa, ta daina kama murfin, ranar nan na buɗe jakata a makaranta na tarar da ruwa ya jiƙa takardun jarrabawar ɗalibaina. Abu ɗaya da aka saye shi dominsa, rashin zuba, shi ma ya tafi. Jika 3 da rabi!

Wadda ta koya masa shan ruwa na gaskiya surukata ce, da ɗan ƙaramin kofin silba wanda bai kai dala 100 ba. Takan cire masa riga ta zaunar da shi a cinyarta, ta zuba ruwa kaɗan iya gindin kofin, ta ɗora bakinsa a leɓen yaron na ƙasa ta ɗan karkata har ruwan ya taɓa leɓe, ta bar shi ya kurɓa da kansa, ba ta ɗura masa ba. Ya ƙware, ya yi tari, ya zubar a ƙirji, ita kuma tana cewa "a hankali maigida, a hankali." Na ce, "Inna, ai zai jiƙa tabarma." Ta ce tabarma rana za ta busar da ita. Yanzu da kansa yake ɗauka da hannu biyu, kuma kofin nan ina ganin cikinsa gaba ɗaya da idona, ruwa moɗa ɗaya ya isa wanke shi. Ashe tun yaro yana wata 6, lokacin da ake fara ba shi abinci ban da nono, ana iya fara nuna masa buɗaɗɗen kofi.

Wadda duk ta nace sai ta sayi mai hancin, ta sa mai shago ya buɗe murfin ya ciro robar a gabanta kafin ta biya, in bai iya ba ta ajiye masa kayansa. Kada kuma ta yarda ta zuba kunu ko madara a ciki. Ƙanwata da ke aure a Magariya tana da irinsa, na kira ta na ce ta ɓanɓare nata ta duba yanzu-yanzu. Ba ta ajiye wayar ba na ji tana salati.