Dashen romaran na leda a Maraɗi: irin ya yi, ƙasar ce matsala

Romaran ɗin da wasu masu renon itatuwa ke sayarwa a baƙar leda, tsiro mai ƙamshi da ake sa ganyensa a girki, wanda a Najeriya ake ce wa rozmari, na gaske ne. Murza ganye ɗaya a hannu, ƙamshin zai tabbatar maka. Dangin na'ana'a da ɗaɗɗoya ne, amma halinsa daban. Asalinsa gaɓar tekun Bahar Rum, inda yake fitowa a busasshiyar ƙasa mai duwatsu da ruwa ba ya kwanciya.

A nan masu renon suke kuskure. Ƙasar da suke cika wa mangwaro da lemo, laka mai nauyi haɗe da taki, ita suke zuba masa. Laka tana riƙe ruwa, saiwar romaran kuma ba ta jure jiƙa. Da ruwan Agusta ya kankama sai ganyen ƙasa ya yi baƙi ya zube. Mai shi ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, alhali saiwar ta riga ta ruɓe. Abin takaici ne, don gyaran ba shi da tsada.

Kafin ka biya, ja kan dashen a hankali. In ya taso ba turjiya, reshe ne aka soke kwanan nan, bai yi saiwa ba, bar shi. Tsaga gindin ledar kaɗan: farar saiwa lafiya, mai ruwan ƙasa da wari kuwa ta tafi.

Da ka kai gida, sauya masa mazauni. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi bokitin roba, domin tana numfashi. Cika ta da kashi 2 na yashi mai tsakuwa, kashi 1 na ƙasar lambu, kashi 1 na takin da ya ruɓe sosai. Kada a ba shi ruwa sai an soka yatsa santimita 3 an ji a bushe. Yana son rana, amma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ranar safe ta wadatar. Da damina a janye shi ƙarƙashin rumfa.

A saya tsakanin Nuwamba da Janairu, ya kafu cikin sanyi. Guda ɗaya ya isa, tunda reshe mai santimita 10 zuwa 15 da aka cire wa ganyen ƙasa yakan yi saiwa cikin yashi mai ɗan danshi bayan mako 4 zuwa 6.