Wata huɗu ina neman waƙar jita da murya kaɗai a Bandcamp

Ni malamin makaranta ne a nan Maraɗi, kuma gyaran takardun ɗalibai ba ya samuwa gare ni sai bayan sallar isha'i, lokacin da yara suka kwanta a tsakar gida, unguwa ta yi tsit in ban da kukan babur jefi-jefi. A irin wannan lokaci kunnena ba ya ɗaukar ganga ko kiɗan kwamfuta. Abin da nake so shi ne mutum ɗaya da jitarsa ta katako, wadda mu nan muke kira gitar, yana rera waƙa a hankali kamar yana zaune a kan tabarma kusa da ni. Wannan sha'awa ba daga Turai na ɗauko ta ba, domin na tashi ina jin marigayi Ɗanmaraya Jos a rediyon mahaifina, shi da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, kuma tun daga lokacin na san cewa murya guda da tsirkiya sun isa su riƙe mai sauraro har ƙarshen waƙa.

Da farko na nufi wajen samarin da ke tura waƙoƙi a katin memori kusa da babbar kasuwa. Na yi wa ɗayansu bayanin abin da nake nema, ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, “Malam, ta Hausa kake so, ko ta Indiya, ko gitar Agadas?” Na ce masa, “Ɗana, ko ta wace ƙasa ce, in dai babu ganga a ciki.” Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya cika mini kati da gitar Abzinawa mai daɗi, amma kusan dukkanta ta lantarki ce ta wajen biki, wadda aka yi domin a tashi a taka. Bayan haka na gwada wata manhajar sauraron waƙa ta kyauta. Takan ba ni waƙa ɗaya mai sanyi, sai talla ta faɗo da ƙara, sai kuma ta zaɓo mini wata da kanta mai kiɗa kamar ana sukuwar dawaki. Wani dare har ƙaramar ƴata ta farka saboda haka, kuma a daren na goge manhajar.

Ƙanena da ke aiki a Yamai ne ya nuna mini Bandcamp. Shafi ne na Amurka da ya fara aiki a 2008, inda mawaƙa da ƙananan kamfanonin faifai suke ɗora kundinsu, wato tarin waƙoƙin da suka fitar tare, da kansu, su sa farashin da suka ga dama, mai so ya saurara kafin ya saya. Ba a biyan kuɗin wata, babu talla a tsakanin waƙoƙi, kuma ana iya juya shafin zuwa Faransanci, abin da ya sauƙaƙa mini sosai. Abin da ya fi komai daraja a wurina shi ne tsarin an gina shi ne a kan kundi sukutum. Idan na buɗe kundi, zai tafi daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe yadda mai shi ya jera su, kuma wanda ya fara da sanyi galibi da sanyi yake ƙarewa.

Neman kansa sai da na koye shi. Kowane kundi yana da ƴan kalmomin alama a ƙasansa, kuma mawaƙin ne yake rubuta su da hannunsa, babu wanda ke tantancewa. Saboda haka idan ka rubuta “acoustic” ko “folk”, abin da zai fito ya fi ƙarfin ƙirga, kuma da yawa daga ciki suna da goge, fiyano, ganga da ƴan amshi. Makon farko na ƙona kuɗin intanet ba kaɗan ba ina buɗe wannan ina rufe wancan. Daga baya na gane cewa amsar tana cikin ɗan rubutun da ke ƙasan jerin waƙoƙi, inda ake faɗin wanda ya kaɗa me da inda aka ɗauki sautin. Idan na ga suna ɗaya tak, ga jita ga murya, kuma an ce a ɗaki ko a gida aka ɗauka, da wuya in yi asara. Idan kuwa na ga sunaye biyar ko shida, ba na ma taɓa shi.

Dabara ta biyu ta fi ta farko amfani, kuma ita ce dalilin da ya sa na zauna da wannan shafi. A gefen kowane kundi akwai ƙananan hotunan mutanen da suka saye shi, wasu har da ɗan bayanin abin da ya burge su. Idan ka taɓa hoton mutum, za ka ga sauran abin da ya saya. Wanda ya cire kuɗinsa ya sayi kundi mai sanyi, yawanci za ka tarar rumbunsa cike yake da irinsa. Ta haka na riƙa bin sawun mutanen da ban sani ba, kamar yadda baƙo a kasuwar dabbobi yake bin bayan wanda ya ga ya iya duba haƙorin rago. Haka kuma na koyi bin kamfanin faifai maimakon bin kalma, domin ƙaramin kamfani yakan kasance da kunne ɗaya a duk abin da yake fitarwa.

Wannan bin sawu ne ya dawo da ni gida ba tare da na yi zato ba. Akwai wani kamfani mai suna Sahel Sounds a birnin Portland na Amurka, wanda Christopher Kirkley ya kafa, kuma yawancin abin da yake fitarwa daga Nijar, Mali da Muritaniya aka ɗauko shi. A shafinsu na sami kundin farko na wata ƙungiyar mawaƙan Abzinawa mai suna Les Filles de Illighadad, wanda ya fito a 2016. Illighadad ƙauye ne a yankin Abalak cikin jihar Tawa, wato maƙwabtanmu ne. Rabin farko na kundin Fatou Seidi Ghali ce da jitar katako da muryarta, an ɗauka a fili ba a ɗakin ɗaukar sauti ba. Daren da na fara jin sa, wuta ta ɗauke, ina zaune da fitilar caji da tarin takardun aji uku a gabana. Na sa abin sauraro a kunne, sai na ji yatsunta suna zamewa a kan tsirkiya, na ji inda take jan numfashi kafin ta ɗauki baiti. Ba na jin Tamashek, amma na ajiye jan alƙalamina har sai da waƙa ta biyu ta ƙare. Ya kamata mai neman shiru ya sani cewa rabi na biyu kiɗan tende ne, wato gangar turmi ta Abzinawa, da tafi da amshi, mai kyau ƙwarai a wurinsa, sai dai ba na tsakar dare ba ne. Abin ya tsaya mini a rai cewa sai da na zaga ta wani shafi na Amurka kafin in ji wata baiwar Allah da ke jihar da ke jikin tamu.

Daga can nesa kuma, wadda ta fi zama mini abokiyar aiki ita ce Elizabeth Cotten, baƙar fatar Amurka daga jihar Karolina ta Arewa, wadda kamfanin Folkways ya fitar da faifanta na farko a 1958, lokacin tana da shekara sittin da wani abu. Bahaguwa ce, saboda haka takan juya jitar da aka yi wa masu hannun dama ta kife ta, tsirkiyoyi masu kauri su koma ƙasa, kuma wannan ya ba kiɗanta wani taushi na daban. Muryarta ta tsufa ce, tana rawa, wani lokaci ba ta kai inda ta nufa ba, kuma ban taɓa jin hakan ya rage mata komai ba. Wasu waƙoƙin babu murya sam, jita ce kaɗai.

Ba komai ne ake samu a wurin ba. Kundin da ke hannun manyan kamfanoni galibi ba sa ciki. Masu son irin wannan waƙa suna yawan ambaton Pink Moon na Nick Drake, ɗan Ingila, wanda ya fito a 1972: waƙa 11 cikin minti 28, an ɗauke su a dare biyu, babu komai sai jita da murya in ban da ɗan fiyano a waƙar farko. Na neme shi a Bandcamp ban samu ba, sai a YouTube na saurare shi, kuma ya cancanci yabon da ake yi masa.

Batun biya shi ne inda mazaunin Maraɗi zai tsaya ya yi lissafi. Ana biya ne da katin banki ko PayPal, wata hanyar biyan kuɗi ta intanet, ni kuwa, kamar yawancin abokan aikina, kuɗina a waya suke yawo. Sai na riƙa tura wa ƙanena kuɗin, shi ya saya da katinsa ya aiko mini a matsayin kyauta, domin shafin yana da wannan hanya. Galibin kundin da na duba suna tsakanin dala 7 zuwa 10, dalar Amurka nake nufi ba dalarmu ta kasuwa ba, wato kimanin jaka 4 zuwa 6 na sefa. Wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashin malanta da iyali. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kamfanin yana ɗaukar kashi 15 cikin 100 na cinikin waƙa, mafi yawan sauran kuma ya tafi ga mawaƙi ko kamfanin faifansa. Akwai kuma waɗanda ke barin mai saye ya sa abin da zai iya. Sauraron kyauta yana da iyaka a wasu kundin, bayan ƴan lokuta za a nemi ka saya, kuma ina ganin wannan adalci ne.

Wanda ya saya zai iya sauke kundin a wayarsa ya zama nasa. A cikin nau'o'in fayil ɗin sauti da ake saukewa, ina ba da shawarar a zaɓi MP3, domin FLAC ya fi tsabtar sauti amma nauyinsa ya ninka sau da yawa, kuma a ƙaramin abin sauraro irin nawa ban ji bambancin da ya kai kuɗin intanet ɗin ba. Nakan sauke da sassafe lokacin da layi ya fi sauri, in mayar a katin memorin nan da yaron kasuwa ya cika mini. A wata huɗu kundi biyar na saya, akwai wasu tara da na ajiye a jerin waɗanda nake so, kuma na riga na gaya wa ƙanena wanda zai saya mini idan albashin wannan wata ya shigo.