Kafin ku kashe kuɗi kan manhajar tura marasa lafiya gwajin magani

Wani abokina likita a wani asibiti nan Abuja ya kira ni ranar Asabar, wai shugabanninsu sun ce a sake fasalin manhajar da suke tura marasa lafiya zuwa gwajin magani da ita, irin binciken nan da ake yi kafin a amince da sabon magani ko rigakafi, kuma shi aka ɗora wa kawo shawara. Ya ce manhajar kusan babu mai buɗe ta, likitoci duk sun koma WhatsApp, mutum ya ɗauki hoton kati ya cilla wa mai kula da binciken shi ke nan. Na ce masa Dokta, ai likitocinku sun riga sun gaya muku abin da suke so, abu mai sauri, saura ku ba su shi ba tare da katin mara lafiya yana yawo a wayoyin mutane ba.

Kowane gwaji yana da sharuɗɗan shiga da na hanawa: shekaru, matakin da cutar ta kai, sakamakon gwajin jini, ko mace tana da juna biyu, ko mutum yana shan wani magani da ba ya jituwa da na binciken. Likitan da layi ya kai bakin ƙofarsa ranar kilinik ba zai zauna karanta shafi uku na sharuɗɗa ba, wallahi ko ni ne ba zan karanta ba. Don haka duk zaɓin da za a duba, abin tambaya shi ne manhajar za ta iya duba bayanan da ke cikin fayil da kanta ta ce wa likita wannan mutumin kamar ya dace, ko sai likita ya sake buga komai da hannu.

Hanya mafi arha a ido ita ce ku ɗauko mai zane ya gyara wadda kuke da ita. Akwai matasa gwanaye a Abuja da za su zana muku skirin a Figma, manhajar zanen fuskar manhajoji, ya fito fes kamar na banki. Matsalar ita ce yawanci fenti kawai ake sakewa. In mai zanen bai yarda ya zo ya zauna gefen likita na kwana biyu ko uku yana kallon yadda ake aiki ba, ku sallame shi da girma. Kuma ku fara tabbatar da cewa ainihin lambobin manhajar, wato rubutun kwamfutar da aka gina ta da shi, suna hannunku, don na ga inda kamfanin da ya rubuta ya riƙe abinsa, duk canjin maɓalli ɗaya sai an biya.

Sai REDCap, manhajar tattara bayanan bincike, wadda Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta fitar a 2004. Masu bincike sun san ta sosai, kyauta ce ga cibiyoyin da ba na riba ba in sun shiga ƙungiyar masu amfani da ita, amma saba, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe bayanan, taku ce, mai kula da ita ma naku ne. Wajen fom tana da kyau ƙwarai, tana ɓoye tambayar da ba ta shafi mutum ba, tana ajiye tarihin wanda ya taɓa kowane bayani da lokacin da ya taɓa, abin da masu sa ido kan bincike ke nema ke nan. Sai dai an yi ta ne don ma'aikatan bincike, likitan da ke duba jama'a zai ji ta kamar ƙarin aiki. Ni dai ina ganin ta fi dacewa a bayan fage, likita ya tura, mai kula da bincike ya ƙarasa a cikinta.

Wadda na fi karkata gare ta ita ce gini a kan OpenMRS, manhajar ajiye fayil ɗin marasa lafiya, musamman in asibitin dama yana ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Ita ma 2004 aka fara ta, haɗin gwiwar Cibiyar Regenstrief da Partners In Health, ta samo tushe ne daga aikin kula da masu HIV a Eldoret ta Kenya, wato an gina ta da sanin wuta tana ɗaukewa kuma intanet yana wasan ɓuya. Tunda shekaru da sakamakon lab suna ciki, ana iya sa alama ta fito a shafin mara lafiya cewa akwai gwajin da zai iya dacewa da shi, likita ya danna sau ɗaya ko biyu. Amma kar wani ya ruɗe ku da kalmar kyauta, manhajar ce kyauta, masu saita ta da horar da ma'aikata suna cin albashi, kuma in bayanan da ake shigarwa tun farko rabi da rabi ne to alamar ma shirme za ta riƙa nunawa.

CommCare da KoboToolbox, manhajojin cika fom a waya, suna aiki babu netwok, sun dace in daga ƙananan asibitocin Kwali ko Abaji ake turo mutane. CommCare ta fi iya bin mutum ɗaya daga ziyara zuwa ziyara.

Kamfanonin waje masu kuɗin wata-wata kuwa, kayansu na da kyau, amma da dala ake biya, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun 2023. Da yawa kuma ClinicalTrials.gov, rajistar gwaje-gwaje ta Amurka, suke jawo jerin gwaje-gwaje daga ciki, ku tambaye su ko suna haɗawa da PACTR, rajistar gwaje-gwajen Afirka. Ku tambayi kuma a wace ƙasa bayanan za su zauna, don Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri.

Akwai abin da ba na sassauci a kai ko wacce kuka zaɓa. Mu 'yan Arewa ba mu manta gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano ba, 1996, lokacin annobar sanƙarau, yara wajen 200, da rigimar neman yardar iyaye da ta kai har kotu. Har yau in ka ce wa dattijo gwajin magani sai ya gyara zama. Don haka manhajar ta nuna wa likita ƙarara cewa gwajin yana da amincewar kwamitin ɗa'a da ke ƙarƙashin NHREC, kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, da izinin NAFDAC, ta kuma ba shi gajeren bayani da Hausa da zai karanta wa Baba ko Hajiya, ya bayyana cewa tura mutum daban, amincewarsa daban, kuma in sun ƙi babu abin da zai taɓa maganinsu.

Abu na ƙarshe da na gaya wa Dokta shi ne kowane mai talla ya kawo kayansa ranar kilinik, a ba likitoci biyar, har da wanda ya fi kowa ƙin kwamfuta, a kashe wayfay, a riƙe agogo a ga minti nawa tura mutum ɗaya ke ci. Sannan a duba ko likitan da ya tura yana samun labari daga baya, an ɗauki mutumin ko ba a ɗauka ba da dalili. Ya ce tasu ta yanzu ba ta taɓa dawo wa kowa da amsa ba, na ce to ka rubuta wannan a layin farko na takardar da za ka kai musu ranar Litinin.