GNOME, Plasma, Cinnamon ko Xfce: wace fuskar Linux ce ta dace da kwamfutarka?

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin laftof suka shiga tsaka mai wuya, domin Windows 11 na neman TPM 2.0 (wani ƙaramin sashen tsaro a cikin kwamfuta) da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su kai nan ba. Mafita ita ce Linux, tsarin sarrafa kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows, amma kafin a ɗora shi sai an zaɓi fuskarsa, wato manhajar da ke zana tagogi da menu da akwatin fayiloli da saituna. Duka kyauta ne, sai dai kuskuren zaɓi na cin data da lokaci. Kada kyan hoto ya ja ka. Abu biyu ake dubawa: ƙarfin na'urarka, da kuma yadda masu gina fuskar ke yawan canza ta.

GNOME ce ake samu a Ubuntu da Fedora, wasu nau'o'in Linux biyu. Miguel de Icaza da Federico Mena, 'yan Meziko, suka fara ta a 1997 saboda a lokacin lasisin Qt, kayan haɗa manhaja da aka gina fuskar KDE a kansa, bai cika sharuɗɗan buɗaɗɗiyar manhaja ba. Tana fitar da sabon zubi duk wata shida, a Maris da Satumba. Tsaftatacciya ce, tana kuma jin motsin yatsu a kan laftof sosai. Amma masu ita suna da ra'ayinsu: a asalinta babu maɓallin sauke taga ƙasa, ba a kuma ajiye fayil a kan tebur. Mutane na cike giɓin da ƙananan manhajojin ƙari, kuma nan gizo ke saƙar. Waɗannan manhajoji suna shiga cikin GNOME Shell, wato ainihin manhajar fuskar, kai tsaye, don haka duk canjin da aka yi a ciki yana iya karya su. A GNOME 45, na shekarar 2023, an sauya tsarin JavaScript ɗin da ake rubuta su da shi, sai da kowacce aka gyara ta kafin ta sake aiki. Wanda zai karɓi GNOME yadda take, kuma yana da RAM 8GB, zai ji daɗinta. Wanda ke shirin lanƙwasa ta ta koma kamar Windows, gara ya nemi wata tun da wuri.

KDE Plasma ta girme ta da shekara ɗaya, Matthias Ettrich ya fara aikin a Jamus a 1996. Tsohon zancen da ake yi cewa KDE nauyi gare ta ya daina aiki, yanzu ba ta fi GNOME cin RAM ba. Plasma 6 ta fito a Fabrairun 2024 a kan Qt 6, da Wayland a matsayin tsarin nuna hoto da take tashi da shi. Ita ce ta fi iya daidaita girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari, abin da mai allon inci 14 na 1920×1080 ke buƙata don kada idonsa ya gaji. KDE Connect kuma na haɗa wayar Android da kwamfuta ta Wi-Fi, a tura fayil ba tare da kebul ba. Matsalarta yawan saituna, sabon shiga kan ɓata a ciki. Akwai kuma Baloo, mai bin fayiloli yana yi musu rajista don saurin bincike: a kan tsohon faifai mai juyawa yakan sa kwamfuta jan ƙafa a kwanakin farko. A shiga saitunan binciken fayil a hana shi karanta cikin takardu, ya tsaya a sunayensu.

Ga wanda ya taso a Windows 7 ko 10, Cinnamon ta Linux Mint ce ta fi cancanta, ba tare da wani kwana-kwana ba. An ƙirƙiro ta a 2011, lokacin da GNOME 3 ta watsar da tsohon tsarin menu, kuma har yau menu yana ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Mint 22 yana da tallafi har 2029, yana tashi da RAM 2GB, amma 4GB ne ake iya aiki da shi cikin natsuwa. Fayil ɗin saukewarsa bai kai 3GB ba, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa 6GB, bambancin da mai sayen data zai ji a aljihunsa. Fuskar MATE ma a 2011 aka haife ta, ci gaban GNOME 2 ce.

Idan RAM bai wuce 4GB ba, a duba Xfce ko LXQt. Xfce ba ta gaggawa: 4.18 ta fito a Disamban 2022, 4.20 a Disamban 2024, kuma wanda ya saba da ɗaya ba zai yi laluben komai a ɗayar ba. Ta dace da ɗakin kwamfuta na makaranta ko shagon buga takardu, inda ba a son ɗalibi ya zo gobe ya tarar maɓalli ya canza wuri. LXQt, wadda Lubuntu ke zuwa da ita, ta fi rashin nauyi, sai dai saitunanta a warwatse suke. A sani cewa ba fuskar ce ke cinye RAM ba, Firefox ko Chrome ne da shafuka goma a buɗe. Sauya tsohon faifai da SSD, wato faifai mai sauri marar juyawa, ya fi kowane sauyin fuska tasiri.

Mai katin hoto na NVIDIA ya tabbatar direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya kai lamba 555, domin kafin nan hoto na yawan ɓari a Wayland. Cinnamon da Xfce har yanzu a kan X11, tsohon tsarin nuna hoto, suka fi zama daram.

Kafin a goge komai, a samu filash na 16GB, a saka masa Ventoy, manhajar da ke ba da damar tayar da kwamfuta daga filash, a kwafa fayilolin ISO (fayilolin saukewa na Linux) biyu ko uku a ciki, a tayar da kowanne ba tare da an ɗora shi ba. A gwada Wi-Fi da sauti da maɓallan hasken allo, a rufe murfin laftof a buɗe a ga ko zai farka. A saitunan kibod a ƙara Hausa ta Najeriya, a rubuta ƙ da ɗ da ɓ, duka fuskokin nan suna da ita. Idan Wi-Fi bai bayyana ba, sau da yawa katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom ne: a jona waya da kebul a ba kwamfutar intanet, sannan a ɗauko direban ta Driver Manager na Mint.

Kada a ɗora GNOME da Plasma tare a kan kwamfuta ɗaya da sunan gwaji. Menu zai cika da manhajoji biyu-biyu, launukan ɗaya su shiga na ɗayar, GDM na GNOME da SDDM na Plasma su yi ta takaddama kan allon shiga, kuma cire guda daga baya yakan tafi da fayilolin da ɗayar ke dogaro da su.